Inci 2 ko Inci 3: Sana'ar Masu Injin Ruwa a Ƙasar Burumburum

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, aka gama yankan shinkafa aka kai masara gida, sai fadamun kudancin Kano su canza murya. Daga Burumburum zuwa Yaryasa, daga bakin tafkin Tiga zuwa gaɓar rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Riruwai, abin da kunne zai riƙa ji tun asuba shi ne ƙarar injin ban-ruwa. Kowane inji da mai shi. Amma ranar da ya yi tari ya mutu ana tsakiyar shayar da albasa, wuri ɗaya ake nufa da shi, ɗaure a bayan babur: rumfar makaniken injin ruwa.

Rumfar ba ta da wani kwarjini. Kwano huɗu ne ko buhunan da aka ɗinke, a gefen tasha ko a bakin kasuwa, ƙasanta ta rine da baƙin mai. Akwai benci, da akwatin ƙarfe mai sifanu da filaya, da gwangwanin fetur na wankin kafireta, da matattun injuna jibge a kusurwa ana ɓantarar kayan gyara a jikinsu. Da damina mai rumfar janareta yake gyarawa da injin niƙa da babur, shi ma kuma yana da 'yar gonarsa. Da rani ne ainihin sana'arsa take fitowa. A ganina kuma gyara ba shi ne babban aikinsa ba. Duk yaron da ya ɗan kwana biyu a rumfa ya iya canza fulogi. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne shawarar da yake bayarwa tun ba a sayi injin ba.

Manomi zai zo da kuɗin shinkafarsa a aljihu, gobe zai shiga Kano, Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa. Tambayarsa ɗaya ce: Malam, wanne ya fi ƙarfi? Gwani ba ya amsa wannan tambaya. Tasa yake jerowa, har mai kuɗin ya fara ƙosawa. Alhaji, daga ina za ka ja ruwan, rafi ne ko rijiya? In rijiya ce, gaba nawa ruwan yake sauka a tsakiyar bazara, ba yanzu da ƙasa take jiƙe ba? Gonar tana kan tudu ne ko tana kwance da bakin ruwa? Tiyo nawa za ka haɗa kafin ruwa ya kai fangalin ƙarshe? Me za ka shuka? Sai ya gama jin wannan duka zai ce inci 2, ko inci 3, ko kuma ya ce ajiye kuɗinka, wurin nan ba na irin wannan injin ba ne.

Sana'ar ba tsohuwa ba ce. Dattawan da ke zaune a bencin rumfar sun yi ban-ruwa da jigo: gwafa a kafe a bakin rafi, doguwar sanda a gicciye, curin laka a wutsiya, guga a kai. Mutum ya yini yana sunkuyo yana miƙewa, ya shayar da ɗan lambun da bai kai a kira shi gona ba. A zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka shiga gina madatsun ruwa: ta Bagauda da farko, sannan babbar, ta Tiga, a ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga Tiga babbar magudana ta ɗauki ruwa ta gangara da shi Kadawa da Bunkure da Garun Malam da Kura, inda manomi buɗe ƙofa kawai yake yi ruwa ya shigo da kansa. To amma magudana gangare take bi. Ba ta bi ta Burumburum ba, ba ta hau Tudun Wada ba, balle Doguwa. Mutanen wannan yanki, har da waɗanda suke hango tafkin daga gonarsu, dole su ɗaga ruwansu da kansu. Sai a shekarun 1980 hukumar noma ta jihar, KNARDA, da tallafin Bankin Duniya, ta yaɗa ƙananan injunan fetur da gajerun rijiyoyin bututu da ake hudawa a yashin fadama, shirin Fadama na ƙasa kuma ya ɗora a kai a farkon shekarun 1990. Inji ya kori jigo, ya kuma haifi mai gyaransa.

Abu na farko da gwani ya sani, wanda yawancin masu saye ba su sani ba, shi ne cewa injin da ke zaune a doron ƙasa yana da iyakar zurfin da zai iya zuƙo ruwa, kuma wannan iyaka ba ruwanta da ƙarfin doki. Dalili kuwa, ba injin ne yake ɗago ruwan da ƙarfinsa ba. Fankar da ke juyawa a cikin tukunyarsa korar abin da ke gabanta take yi, ta bar gurbi a baya, sai nauyin iskar da ke danne fuskar ruwa ya turo ruwan cikin tiyo don ya cike gurbin. Nauyin iskar nan, ko a bakin teku, mita 10 da 'yan kai kawai zai iya ɗaga ruwa a lissafi. A aikace mita 7 ne zuwa 8, a ƙasar tudu irin tamu ma ya ɗan gaza haka. Makanike ba zai faɗa maka da waɗannan kalmomin ba. Cewa zai yi ruwan ya yi wa inji nisa. Amma maganin da zai ba ka daidai yake da na injiniya: kada ka ƙara girman inji, ka saukar da shi. Shi ya sa a watan Maris da Afrilu za ka ga manomi ya haƙa rami a gefen rijiyarsa ya zura injin ciki, yana bin ruwan da ke gudu ƙasa. In ramin ma bai fisshe shi ba, sai a koma ga sumo, famfon da ake nutsarwa cikin ruwan, wanda aikinsa turowa ne daga ƙasa, ba zuƙa daga sama ba.

Yawancin injunan da ake kawowa rumfa da sunan sun lalace, lafiyarsu ƙalau. Iska suke sha. Huda ɗaya kamar ta allura a tiyon zuƙa, ko bakin da ba a ɗaure shi tam ba, ya isa ya sa inji ya yi ta ihu ba ɗigon ruwa. Shi ya sa tsohon tayar babur da aka yanka siri-siri yake cikin kayan aikin kowane makanike da kowane manomi. Da robar nan ake naɗe mahaɗa a toshe iska. Sai kuma ɗura ruwa a tukunya kafin a ja igiya. Wanda ya yi gaggawa ya tada inji a bushe, cikin ɗan lokaci zai ƙona sil ɗin da ke raba ɓangaren ruwa da na inji, zobba biyu masu santsi da ke gogar juna, waɗanda ruwan ne kaɗai ke sanyaya su. Da sun ƙone sai ɗiga ta fara ta ƙarƙashi. Yashi kuma yana cinye fanka a hankali idan ba a sa rariya a bakin tiyo ba, ko aka bar bakin ya kwanta a gindin rafi. Gwani yana kunna inji ya saurara. In ya ji kamar tsakuwa na kaɗawa a cikin tukunya alhali ba tsakuwa, ya san fankar tana neman ruwan da ya fi wanda ke iso mata, kuma in aka bar ta haka za ta yi ramuka.

Nan ne maganar ƙasa take shigowa, kuma nan ne na fi ganin amfanin makaniken gida a kan mai kanti na birni. Kudancin Kano a kan dutse yake zaune. Ba irin ƙasar Haɗeja da Gumel ba ce mai yashi mai zurfi. A nan ruwan ƙasa yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke cikinsa, saboda haka rijiya tana tsatso ruwa ne da nata sauri, ba da saurin da mai ita yake so ba. Injin Honda mai inci 2 yana iya fitar da kusan lita 600 a minti ɗaya idan ba tudu ba nisa, mai inci 3 kuma ya haura lita 1,000. Ka ɗora mai inci 3 a kan rijiyar da ke tsatso lita 200 a minti, zai kwashe abin da ta tara cikin 'yan mintoci, ya sha iska, a kashe, a jira, a sake ɗura ruwa, a sake ja. Da yamma an ƙona fetur, an gajiyar da sil, gonar ba ta ƙoshi ba. Maƙwabcinsa mai ƙaramin inji da ya rage wuta ya bar shi yana tafiya a hankali, ya riga shi gamawa. Wannan magana tana da wuyar shiga kunnen mutumin da ya sayar da buhun shinkafa da yawa yana son a ga injinsa ya fi na kowa a fadama.

Wanda yake bakin rafi mai ruwa ko gefen tafki, lissafinsa daban ne, kuma a nan babban inji yana da hujja. Hekta ɗaya, in ana son ruwa ya kwanta mata santimita 5, tana shan lita 500,000. Injin inci 3 da ke ba da lita 700 a minti bayan an cire asarar tudu da tiyo zai yi awa 12 a kanta. Mai inci 2 zai shiga kwana na biyu. Sai dai a nan ma akwai tarko, kuma a tiyo yake. Mutum ya sayi inji mai inci 3, kuɗi su ƙare, ya haɗa masa tsohon tiyonsa na inci 2 mai tsawon gaske. Ruwa yana gogar bangon tiyo, kuma gwargwadon ƙuncin tiyo da saurin ruwan, gwargwadon ƙarfin da ke salwanta a hanya. Kowace lanƙwasa tana cin rabonta. Makanike na ƙwarai zai ce a sayi ƙaramin inji da tiyo mai faɗi, ya fi babban inji da tiyo mai ƙunci. Shi ba ya sayar da tiyo, don haka ana iya yarda da shi.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Injin da ake kira doki biyar da rabi yana shan fiye da lita 1 a awa idan yana aiki sosai. Daga ranar nan shawarar makanike ta tashi daga maganar dattako ta koma maganar ci ko faɗuwa, domin injin da ya fi ƙarfin rijiya yanzu ribar albasar yake sha. Rumfunan suka koyi sabon aiki: cire kafireta a sa wadda ke karɓar gas, a jona tukunyar girki a gefen inji. Ya sauƙaƙa wa mutane da yawa, ko da yake raina ba ya kwanciya idan na ga tukunyar gas a rana tsaka kusa da salansa mai zafi, an ɗaure bututunta da robar taya. Robar da ta dace da ruwa ba ta dace da gas ba. Masu hali kuma suka koma sola. Famfon sola ba shi da fistin ba shi da fulogi, ba ya ba da ruwa mai yawa a lokaci ɗaya, amma yana ba da shi tun hantsi har la'asar ba tare da an saya masa komai ba, wato irin tafiyar da rijiyar kan dutse ta fi so.

Duk wannan ruwa ne mai tafiya ɗaya: ya fita daga tiyo, ƙasa ta shanye, shi ke nan. Akwai wani reshe na sana'ar da ya bambanta, wanda ke ƙaruwa tun da kiwon kifi ya shigo gidaje, kuma a ƙasar da take da cibiyar ƙyanƙyasar kifi a Bagauda wannan ba baƙon abu ba ne. A kwamin kifi ba shayarwa ake yi ba, raya ruwan ake yi. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama guba, iskar da ke cikin ruwa tana raguwa, ta fi yin ƙasa gab da asuba. Babbar tarwaɗa tana da juriya don tana iya leƙowa ta shaƙi iska a sama, amma 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe ba su da wannan gata. Suna son ruwa mai shigowa siriri yana fita siriri dare da rana. Ka jona musu injin gona, ka kashe su da guguwa. A nan abin da ake so shi ne tanki a sama, ƙaramin famfo ya cika shi, ruwa ya sauko da kansa ta famfon da aka ɗan murɗa.

Tafkin ninkaya shi ne ƙarshen wannan reshe. A ƙauye ba a san shi ba; yaro a rafi yake koyon iyo. Amma Audu Baƙo bai tsaya a madatsu ba, ya gina otal a bakin ruwan Bagauda, inda yanzu Makarantar Horar da Lauyoyi take, da otal ɗin Rock Castle a kan dutsen Tiga, don masu yawon buɗe ido. Yau a otal-otal na birnin Kano da manyan gidajen Nasarawa akwai tafkunan wanka, yaran da suka koyi aiki a rumfunan karkara kuma sukan tsinci kansu a ɗakin injin irin waɗannan wurare. Wanda ya tafi da tunanin gona zai yi ɓarna. A tafkin ninkaya ruwan ɗaya ne yake zagayawa: famfo ya zuƙo shi ta saman tafki da ta gindi, ya bi ta kwandon da ke tare ganye da gashi, ya ratsa tukunyar yashi mai tace datti, ya koma. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce dukkan ruwan ya ratsa matata sau ɗaya cikin awa 6 zuwa 8. Ɗauki tafki mai tsawon mita 10, faɗin mita 5, zurfin mita 1 da rabi. Lita 75,000 ke nan. A raba ta awa 6, ya ba da lita 12,500 a awa, wato lita 200 da 'yan kai a minti. Injin gona mai inci 2 ya ninka wannan kusan sau uku.

Mai tafkin, kamar manomin can, shi ma wanda ya fi ƙarfi yake so, kuma shi kuɗi ba su dame shi ba, abin da ya sa ya fi wuyar shawo kai. Famfon da ya fi ƙarfin matata yana huda hanyoyi a cikin yashi ya wuce da datti, sai a ga ruwa ya yi hazo alhali inji na ta aiki, a yi ta zuba kulorin a banza. Wanda ya gaza kuma yana barin kusurwoyi a tsaye, gansakuka ta kama bango, musamman da zafin bazara. Da hunturu ƙura ce ke toshe yashin. Agogon da ke kan tukunya zai nuna matsi ya hau, sai a juya hannu a wanke yashin da ruwa ta baya. Akwai kuma ƙa'idar da masu biyan kuɗin dizal ya kamata su sani: in aka rage gudun fanka da rabi, ruwan da take turawa ya ragu da rabi, amma wutar da take ci tana sauka zuwa kusan kashi 1 cikin 8. Tafiya a hankali na tsawon awanni ta fi arha nesa ba kusa ba, ta kuma fi tace ruwa. Maganar ƙarfi ma ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Zuƙar famfo mai ƙarfi a magudanar gindin tafki tana iya manne yaro a ƙarƙashin ruwa; irin wannan mutuwa ce ta sa Amurka ta yi doka a 2007 kan murfin magudanun tafkuna. Ga kuma wutar lantarki kusa da ruwan da mutane ke shiga da jikinsu, wadda dole a yi mata wayar ƙasa da makashi mai yanke wuta da kansa. Wannan ba aikin da za a yi da dabarar robar taya ba ne.

Ba kowane mai sifana ne gwani ba, kuma sana'ar tana da nata tabon. Akwai wanda zai canza ringi da fistin alhali tiyo ne ya huje, don kuɗin buɗe inji sun fi na ɗaure roba. Akwai mai sa kayan gyara na jabu ya karɓi kuɗin na asali, domin kasuwa cike take da injuna 'yan China masu kama da Honda har fenti, wasu na kirki, wasu kuma ba sa ganin rani na biyu. Abin da ke hana wannan yawaita a karkara shi ne kowa ya san gidan kowa. Makaniken da ya cuci manomi ɗaya a ranar kasuwa, kafin wata kasuwar duk fadama ta ji.

Yaro yana shigowa ne ta hannun mahaifinsa ko kawunsa, a damƙa wa oga amana. Zai fara da wankin kafireta da miƙo sifana, ya koyi lambobinsu da ido, sannan a bar shi ya kwance tukunya, daga baya a bar shi ya taɓa inji. Abin da ba a koya a rumfa shi ne sanin ruwa. Wannan sai ya riƙa bin oga a bayan babur zuwa gonaki, ya ga rijiyar wane da ke ƙafewa tun watan Fabrairu da ta wane da ba ta taɓa gazawa ba, ya san inda rafi ke da yashi da inda yake da laka. Yaran yanzu suna da ƙarin karatun da ogansu bai yi ba. Sola ta kawo mita da waya da akwatin sarrafa wuta, ƙonewar sumo kuma naɗin koyil take buƙata, ba fulogi ba. Rumfar da ba ta da yaron da ya iya karanta mita ta fara rasa masu zuwa.

Kuɗin sana'ar kuwa bin kakar amfanin gona suke yi. A watan Nuwamba da Disamba manomi ya zuba komai a iri da taki da mai, don haka gyara bashi ne, a rubuta a littafi ko a riƙe a ka. Wani makaniken yana ajiye tsofaffin injuna biyu ko uku da ya haɗa daga matattu, yana ba da haya ga wanda nasa ke kwance, don kada tumatir ya yi kwana uku ba ruwa. Biya sai an fara ɗiba, motoci sun fara lodi zuwa Kwanar Gafan da kasuwannin kudu. Shekarar da tumatir ya yi kuɗi, a biya shi har da kwandon kyauta. Shekarar da kasuwa ta faɗi, wani ya kawo buhun albasa a madadin kuɗi, wani ya ce a yi masa haƙuri sai an yanke shinkafa.